Kwana Taran da Na Bar Allon a Tsaye

Na san abin da ake faɗa muku, domin ni ma ana faɗa a bayana ina ji, kunnen tsoho bai mutu yadda kuke zato ba. Ana cewa na tsaya a ƙofar gida da rana tsaka, a gaban mutanen unguwa, na ce yayarku Balkisu ba likita ba ce, sannan na tumɓuke allon sunanta da hannuna. Haka aka yi, ban musa ba. Waɗansunku har yau suna riƙe da ni a kan wannan, ko da yake babu wanda ya taɓa faɗa mini a fuska. To, ga shi zan rubuta muku yadda abin ya faru tun hannun nan yana iya riƙe alƙalami. In kun gama karantawa ba za ku daina ganin laifina ba, amma ina so ku gan shi a inda yake, ba inda kuka ɗora shi ba.

Kun tashi kun tarar da zaurenmu na Aliero cike da masu karaya da targaɗe, don haka ba sai na gaya muku sana'ar gidan ba. Abin da ba ku gani ba shi ne yadda ake zama maɗori a gidan nan. Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe wa mahaifina ƙafa da hannu, ina feƙe kara, ina yaga tsumma, bai taɓa bari na ja ƙashin mutum ba. Ranar da ya ga na isa sai ya tara dattawan unguwa, ya shimfiɗa buzun kakanmu a tsakiyar zaure, ya zaunar da ni a kai, ya ce su shaida ya saki hannuna. Shi ke nan. Babu takarda, babu hatimi. Maganar uba ita ce takardar, mutanen gari su ne shaidu, kuma abin da uba ya faɗa a kan buzun nan babu mai warware shi sai shi da bakinsa. Muna da doka guda kuma da ba a ƙetarewa: wanda aka sauke a zauren nan ba a mayar da shi. Da wannan kan na girma, da shi na tsufa, kuma da shi na auna karatun likita.

Balkisu tun tana ƙarama ta fi ku duka son zauren. In an kawo mace mai karaya ita ke riƙe mata kai tana yi mata hira har in gama. Da ta ƙare sakandare ta nemi karatun likita a jami'o'in gida shekara biyu a jere ba ta samu gurbi ba, na ga yarinya tana ramewa a gabana. A lokacin ne Alhaji Sani, wani dillalin albasa na Jega Sabon Gari wanda na taɓa ɗora wa cinya bayan mota ta kife da su, ya ce surukinsa yana kai yara wata makarantar likitoci a ƙasar waje. Ba zan rubuta sunan ƙasar ba, ba zan rubuta na makarantar ba, babu amfani. Na yi binciken da na iya. Na tambayi ɗan wane ne surukin, na tambaya ko yana salla, na tambaya ko an taɓa kama shi da ƙarya. Duk aka ba ni amsa mai daɗi. A wurina magana ta ƙare, tunda mutumin da na tsayar da ƙafafunsa ba zai kai 'yata rami ba. Har yau ban ce Alhaji Sani ya cuce ni da gangan ba, shi ma irin binciken da na yi shi ya yi.

Mutum ɗaya ne ya ja mini birki, kawunku Isiyaku, ƙanen mahaifiyarku, wanda yake malamin asibiti a Jega. Ya zo takanas a kan babur ɗinsa, ya zauna ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba in zai faɗi abin da ba a so.

"Yaya, kahin a sa hannu a bincika ko gwamnati ta san da makarantag ga. Akwai hukumar da ka ba likitoci lasisi, tana da jerin makarantun waje da ta yarda da su. Kuma ba dubawa guda ta ba, kowace shekara a riƙa leƙawa, don suna tahiya su gani da idonsu, wadda ba ta cika ba su cire sunanta."

Na yi dariya har da buga cinya.

"Isiyaku, wace gwamnati tab ba kakana takarda? Ƙashi nawa anka ɗora cikin zauren ga ba a tambayi Abuja ba? In yarinya ta iya, ta iya."

Bai yi musu ba. Ya ciro takarda ya rubuta mini adireshin hukumar, ya ajiye a gefen buzu. Ina tuna abin da na yi da takardar nan sarai. Washegari na ƙunshe garin magani da ita na ba wani mai targaɗe daga Fagada.

Balkisu ta tafi, shekara shida ta yi a can. Tana kira a waya, tana cewa lafiya lau, sanyi ne kawai. Da aka ce ta kusa dawowa, sai na shiga wani irin zumuɗi da ban taɓa yi ba ko a aurena na fari. Na je Jega wajen mai fenti na sa ya yi mini allo fari da rubutu shuɗi: Dakta Balkisu Garba, Likitar Mata. Na sa aka kafa shi a ƙofar gida da ƙarfe biyu, aka zuba siminti, domin ban yi niyyar ya motsa ba har abada. Na share ɗakin da ke jikin zaure na sa labule. Ranar walima gidan nan ya cika har bakin titi, an zo daga Jega, an zo daga Maiyama, waɗanda na ɗora da 'ya'yan waɗanda mahaifina ya ɗora. Cikinsu akwai Buba, wani Bafulatani makiyayi daga Sarandosa, wanda na mayar wa kafaɗa bayan bijimi ya tunkuye shi. Rago ya jawo mana tun daga can. Ku riƙe sunansa. Da aka gama cin abinci na sa aka shimfiɗa buzun kakanmu, na aika a kira Balkisu. Babu macen da ta taɓa zama a kansa kafin ita. Ta durƙusa kusa da ni ta yi magana ƙasa ƙasa.

"Baba, da saura. Akwai jarrabawar gwamnati, sai na ci ta za su ba ni lasisi. Kada ka hwaɗi komi yanzu."

"Ki yi tasu a hankali," na ce mata. "Tawa kin riga kin ci."

Na zaunar da ita, na ɗaga murya na ce jama'a su shaida na saki hannunta, duk mai mace marar lafiya ya kawo ta gidan nan. Aka yi kabbara, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Ita kuwa kanta a ƙasa, ni na ɗauka kunya ce.

Mata suka fara zuwa tun washegari. A ƙasarmu kun san yadda maza da yawa suke, mutum ya gwammace matarsa ta yi ta fama a ɗaki da namiji ya duba ta, to ga mace likita a gidan da suka sani. Balkisu takan fito ta zauna da su, ta saurara, sannan ta ce su tafi asibiti. Ko ƙwaya ɗaya ba ta ba kowa ba. Na yi ta yi mata tsiya ina cewa Turawa sun koya mata rowar magani. Bayan mako uku Isiyaku ya raka ta Abuja don ta yi rajistar jarrabawar. Kwana huɗu suka yi. Da suka dawo ta shige ɗakin uwarta, aka kai mata abinci aka dawo da shi yadda yake. Da safe ina bayan gida wajen rudu, shimfiɗar karan da muke adana albasa a kai, ina juya albasa, ina ware wadda ta fara ruɓa, sai na ga inuwa biyu a kaina. Ita ce da mahaifiyarku Kulu, Allah ya jiƙanta. Kulu ce ta fara.

"Malam, aje albasag ga ka saurari ɗiyakka."

Balkisu ta faɗa mini ba tare da kuka ba, kuma rashin kukan ya fi ba ni tsoro. Ba su karɓi takardunta ba. Sunan makarantar ba ya cikin jerin. Da yana ciki, amma tun tana shekara ta biyu hukumar ta aika mutane suka duba, suka tarar ɗalibai sun yi wa asibitin koyarwar yawa nesa ba kusa ba, suka cire sunan, suka kuma sanar. Waɗanda iyayensu ke leƙa jerin sun kwashe 'ya'yansu tun lokacin sun canza musu makaranta. Su kuwa da suka rage, makarantar ta yi ta ce musu ƙaramar matsala ce, za a gyara. Na miƙe tsaye na fara zagin gwamnati, na ce hassada ce, na ce 'yan Abuja ba sa son ɗan talaka ya taso. Sai ta katse ni, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baba, sun yi gaskiya. Littahi na sani, in ka tambaye ni sai in karanta maka shi da ka. Amma mu arba'in muka tsayawa bisa gado guda, ni ina baya ina leƙe ta kahwaɗar wani. Marar lahiya na magana da harshen da ban ji. Shekara shidda ban taɓa amsar haihuwa da hannuna ba, ko sau guda."

Na zauna a kan buhu. Ni da na yi shekara goma sha ɗaya ina riƙe ƙafa kafin a bar ni in ja, na san ma'anar abin da ta faɗa fiye da kowa a Aliero. Ban taɓa tambayarta me hannunta ya taɓa ba. Na saki hannun da ban gwada ba.

Da hantsi Isiyaku ya iso da sauran labarin. Ya ce ƙofa ɗaya ta rage: ta nemi jami'ar gida ta koma kusan daga tushe, in ta gama ta samu lasisi kamar kowa. Amma sai sunanta yana da tsabta. Ya ce a makon nan jami'an lafiya suna zagaye, sun rufe wani shago a Maiyama inda wani ke yi wa mutane allura da ƙarin ruwa ba shi da lasisi, sun sa shi a mota a gaban 'ya'yansa. Ya nuna ƙofar gida da haɓa.

"In sunka ishe allon ga tsaye, sunan da ka bisa shi za su rubuta, ba naka ba. Wanda anka taɓa kamawa da aikin likita ba lasisi, ko ya koma ya gama karatu, da wuya su amince mashi. Yaya, cire shi yau."

Na ce to. Ga inda nake so ku buɗe ido. Na ce to, amma ban cire ba.

Kullum da safe sai in ɗauki diga in fito, in tarar da mutane a zaure suna jirana, in jingine digar a bayan ƙofa in ce sai sun watse. Ba sa watsewa. Ran nan Juma'a ce, ran nan kasuwa ce, ran nan ga baƙo daga nesa, ba kyau ya ga ana rushe abu. Gaskiyar ita ce na kasa tunanin abin da zan ce in an tambaye ni dalili. Ni ne na tara gari, ni ne na ce a shaida. Mahaifina bai taɓa janye magana a kan buzun nan ba, kakana ma haka. A kwana na huɗu dabara ta zo mini, na rufe allon da tabarma na ɗaure da igiya, na ce rana na cin fentin. Kafin azahar wani maƙwabci mai son alheri ya kwance ta, ya ce haba Malam, abin alfahari ba a rufe shi. Na yi masa godiya, ku ji fa, godiya na yi masa. Tsoro kuwa bai bar ni na huta ba. Duk motar da ta rage gudu a titi sai hannuna ya tsaya a kan ƙafar mutum. Na ga farar mota mai lambar gwamnati sau biyu, sau biyun sai da na shiga bayan gida. Ina ganin Balkisu a raina an sa ta a mota, mutanen da suka ci tuwon walimarta suna kallo. Ita ta daina fitowa gaba ɗaya, in mata sun zo Kulu ce ke cewa ba ta jin daɗi. Kulu kuma ba ta yi mini faɗa ba, abin da take yi ya fi faɗa ciwo. Kullum in ta ajiye mini fura sai ta ce, "Malam, yau biyar." Washegari ta ce, "Yau shidda." Tsoro biyu ne suka sa ni a tsakiya, tsoron a kama 'yata da tsoron kunyar gari, kuma kwana tara cur na biyun yana rinjaye.

A rana ta tara, bayan azahar, ana zafin bazara irin wanda ko akuya ba ta motsi, wata motar haya ta tsaya a gindin allon da ƙarfi. Na ce a raina sun zo. Sai na ga Buba na Sarandosa ya fito daga gaba, ko sandarsa bai ɗauko ba. A kujerar baya matarsa ce Dije, kwance a jikin wata tsohuwa, zanen da ke ƙarƙashinta ya jiƙe da jini. Tun jiya take naƙuda. Direban ya fito yana yarfe hannu, ya ce shi fa ya roƙi Buba su tsaya a asibitin Maiyama ya ƙi, suka zo Jega ya sake roƙonsa, har ya rage gudu a ƙofar asibiti, Buba ya ce a wuce.

"Malam," in ji Buba, "na kawo ma ɗiyakka iyalina. Ban yarda namiji shi gane ta ba, ga tamu likita gida."

Mutanen zaure duk sun fito, maƙwabta sun taru. Na aika a kira Balkisu. Zan rubuta abin da na ce mata, ko da yake na fi son in mutu ba ku sani ba. Na san ba ta da lasisi, na san ba ta taɓa karɓar haihuwa ba, na san in ta taɓa matar nan ta rufe wa kanta ƙofar da ta rage. Duk da haka, da na ga idanun mutane a kaina, sai na ce:

"Ki duba ta. Ba a maida wanda anka sauke gidan ga."

Ta matsa bakin motar ta leƙa. Na lura ta mayar da hannuwanta biyu baya ta riƙe ɗaya da ɗaya. Ta dubi Dije, ta dubi jinin, sannan ta juyo.

"Baba, ban iya ba. Wagga aiki za a yi mata, kuma sai an ƙara mata jini. Ban iya ba, wallahi ban iya ba. Ku koma Jega yanzu yanzu, kada ku ƙara minti guda."

Buba ko kallonta bai yi ba. Ni yake kallo.

"Kunya ta ka ji, Malam. Yi mata magana. Kai kac ce ka saki hannunta, ina nan zaune, da kunnena na jiya."

A nan na gane ba zai motsa ba. Ko ta rantse sau ɗari ba zai ji ba, domin a wurinsa ba ita ta ba kanta hannu ba, ni na ba ta, kuma ni kaɗai zan iya karɓewa. Dije ta yi wani nishi da har yau nake ji in gari ya yi shiru. Na buɗe baki da ƙyar, kuma muryar da ta fito ta fi yadda na so ƙarfi.

"Jama'a ku shaida. Ɗiyata ba likita ta ba. Gwamnati ba ta ba ta izini ba, kuma ta gaya mani tun ranar walima, ni na ƙi ji. Ni na yi allon ga, ni na yi maku ƙarya. Buba, ɗauki iyalinka ka koma Jega."

Buba ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, sannan ya shiga mota. Kulu ta fito da mayafinta a hannu ta shiga baya, Balkisu ta bi ta, ta ɗora kan Dije a cinyarta tana yi mata magana kamar yadda take yi wa mata masu karaya tun tana ƙarama. Iyakar abin da ta yi ke nan. Da motar ta juya na shiga bayan ƙofa na ɗauko digar. Simintin da na sa aka zuba da yawa don kada allon ya motsa, shi na yi ta sara ina haki, mutane na tsaye, babu wanda ya karɓe ni. Wannan ne abin da aka ba ku labari.

Kafin magariba Isiyaku ya kira. An yi wa Dije aiki, ta rayu. Jaririn namiji ne, bai zo da rai ba. Ban tambaye shi ko da sun tsaya tun farko da an same shi ba, shi ma bai faɗa ba. Bayan shekaru na yi ƙarfin hali na tambaya, ya ce Allah kaɗai ya sani. Haka ne. Amma na san tsawon hanyar Jega zuwa Aliero, zuwa da komawa, da tsayuwar da aka yi a ƙofar gidana ana jiran in buɗe baki. Ban ƙara bin hanyar nan ban auna ta a zuciyata ba.

Bayan mako guda farar motar ta zo da gaske. A asibiti an tambayi dalilin da ya sa aka makara da matar, sunan gidanmu ya fito. Maza biyu ne da mace ɗaya mai gilashi, ita ce babbarsu. Suka tsaya suka dubi ramuka biyun da ke ƙofar gida kafin su yi sallama. Ba su ɗaga murya ba, sun gaishe ni da ladabi sun cire takalma, kuma ladabin nan ya fi tsawa tsoratar da ni. Aka kira Balkisu ta zauna daga gefe. Matar ta buɗe fayil ta tambayi wa ya rubuta allon, wa ya kira mutane, mata nawa aka duba a ɗakin nan, wane magani aka ba su. Na ce ni ne, ni ne, babu ko ɗaya, babu ko ƙwaya. Ta rubuta, sannan ta ɗago.

"Baba, mun ji naka. Amma kai uba ne, dole ka kare ta. Mun aika a zo da mijin matar."

Ban san lokacin da na dafa ƙasa ba. Mutumin da ya binne ɗansa kwana bakwai da suka wuce saboda allon gidana, shi aka ba wuƙa da nama a kan 'yata. Kalma ɗaya ta isa. In ya ce ta taɓa cikin matar, ko ya ce ta ba ta wani abu a mota, babu mai ƙaryata shi, kuma da ya faɗa ban ga laifinsa ba. Buba ya shigo ya tsuguna a bakin ƙofa, bai hau tabarma ba. Aka kawo masa ruwa bai duba ba. Mai gilashin ta tambaye shi a hankali ko yarinyar nan ta duba matarsa, ko ta yi mata allura, ko ta ba ta magani. Na saci kallon Balkisu, idonta a rufe, leɓenta na motsi.

"Ba ta taɓa ta ba," in ji shi. "Hannunta na baya. Cewa tay yi ba ta iya ba. Cikin gidan ga ita ɗai tah hwaɗi gaskiya tun ba a matsa mata ba."

Ya miƙe ya fita bai yi mini sallama ba. Matar ta daɗe tana rubutu. Ta karanta mini gargaɗi na sa hannu, ta ce da yarinyar ta yi abin da na umarce ta, da yau maganar daban ce. Sannan ta juya wajen Balkisu ta ce ta adana takardunta, ta nemi gurbi a gida, sunanta ba zai shiga ko'ina ba.

Sauran kun sani, ko kun san rabinsa. Ta koma aji ɗaya da ƙannen ƙawayenta, ta ƙara shekara biyar. Mahaifiyarku ta rasu saura shekara ɗaya ta gama, ba ta ga takardar ba. Zaurenmu ya yi wata da watanni babu kowa sai kaji, domin maganar gidan ta faɗi, kuma ba ta koma yadda take ba har yau. Buzun kakanmu na naɗe shi, ban sake zaunar da kowa a kai ba. Kuna cewa ban damu in koya muku ɗori ba, to ga dalilin: tsoron bakina nake ji. Yanzu duk wanda zai kai ɗansa karatun likita waje a unguwar nan wajen Balkisu yake zuwa ta duba masa jerin, ni kuma in na ji labari da sandata nake zuwa in ce a sake dubawa baɗi. Allon yana bayan rudu, fuskarsa a ƙasa. In na mutu kada ku sake masa fenti, kada kuma ku ƙona shi.

Buba ya dawo sau ɗaya, bayan shekara uku. Ina zaune ni kaɗai da hantsi sai na ga mutum ya tsaya a bakin zaure, ya tallabe hannun dama da na hagu, wuyan hannun ya kumbura ya karkace. Saniya ce ta take shi. Bai gaishe ni ba, ya shigo ya tsuguna ya miƙo mini hannun.

"Wanga ka iya?"

Na karɓa na bi ƙashin da yatsuna a hankali. Karayar ta shiga cikin gaɓa, ƙashin ya farfashe. Irinta na sha ɗaurewa, mahaifina ma ya sha, takan warke amma hannun ya sandare, mu ce haka Allah ya so. Karana na nan a feƙe, tsummana na nan a yage, kuma an riga an sauke shi a zauren da ba a mayar da kowa. Na daɗe riƙe da hannun nan. Sannan na mayar masa da shi a kan gwiwarsa.

"Ban iya ba. Tahi Jega su ɗauki hoto."

Ya dube ni tsawon lokaci. Ya miƙe, ya sake tallabe hannunsa, ya kai bakin ƙofa daidai inda ramukan nan biyu suke, sannan ya waiwayo.

"Ka gai da ɗiyakka," in ji shi.